Ranar da Sidsel Ta Ci Dinyarta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hesselvang ya san Sidsel mai dinyoyi. Ko bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin idan ta kira garkenta daga bakin fadama har masunta a kan teku suna jiyo ta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar wadda aka aika ta kamo ɓarawo. Mijinta Laurits ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya ɗaya, Petrea, da ɗaki mai rufin ciyawa wanda ba nasu ba, sai kuma dinyoyi. Dinya dai ita ce babbar agwagwar nan mai dogon wuya da baƙin hali. Sidsel ta gaji kiwonta daga uwarta, uwarta ta gada daga tata uwar, haka har inda tunani ya tsaya.

Ɗakin da ƙasar da yake kai, da fadamar, da dajin da ke bayanta, duk na gidan Stenravn ne, tsohon gidan sarautar da ke zaune a Hesselvang cikin babban gini na jan bulo wanda ruwa ya kewaye. Kuma gidan yana da wata al'ada da ta girmi kowa. Kowace shekara, ranar jajiberin bikin Morten, lokacin da sanyi ya fara cizo, duk wanda yake zaune a kan ƙasar Stenravn sai ya yanka dinyarsa mafi ƙiba, ya fige ta, ya rungumo ta ya haye gada, ya kai ta kicin. Gashin ma na gidan ne, na cusa katifu, kayan ciki kuwa na romon Baron, wato mai sarautar gidan. Abin da ake bar wa mai kiwo fiffike ɗaya ne, ya je ya riƙa share murhu. Ba don Baron yana jin yunwa ake yi ba. Ana yi ne don kowa ya tuna da hannunsa da ƙafarsa cewa ƙasar da yake takawa aro ce.

Masu ilimi suna karanta tarihin gidan Stenravn a jikin bango da kan kaburbura. Mu a nan da tsawon layin masu dinya muka san shi. Tsofaffi sun ce Otte Stenravn, wanda ya kafa gidan, sarki ne ya ba shi ƙasar bayan ya tsare wani mashigi a yaƙi da mutanen Sweden, kuma a zamaninsa layin bai wuce gada ba. Ɗansa Mogens bai taɓa zare takobi ba, amma ya fi ubansa cin ƙasa: ya auri rabin tsibirin nan, aka haɗa masa da mace a kai. A ranarsa layin ya kai har ƙofar coci. Sai Iver, wanda har yau iyaye mata ke tsorata yara da sunansa. Shi ne ya duba ta taga ya ga ƙauyen Orup ya tsaya masa a tsakiyar gonarsa, ya sa aka rushe shi gida-gida, aka kwashe duwatsun aka yi wa dajinsa katanga. Kakannin Sidsel mutanen Orup ne. Shi ne kuma ya sa aka gina ƙofar kicin gajera, yadda duk mai shiga da dinya sai ya sunkuya.

Daga nan layin ya fara komawa inda ya fito. Wani jikan ya ƙaunaci Paris da teburin karta, gonaki suka riƙa bin sa can ba su dawowa. Da zamani ya juya, manyan manoma suka fanshi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, suka koma suna cin dinyarsu a gida suna sakace haƙori a bakin hanya. Lokacin da Sidsel ta girma, masu layin ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, dukansu marasa ko taƙin ƙasa, kuma ita ce ta fi kowa tsawo, saboda haka ita ta fi kowa sunkuyawa.

A bayan gajeriyar ƙofar nan Thyra take, kukun gidan. Gajera ce ita, ƙofar ba ta taɓa damunta ba. Tare suka yi makaranta da Sidsel, kuma tun suna 'yan mata ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa juna tsiya ba. Idan Sidsel ta ɗora dinya a tebur, Thyra sai ta sa yatsu biyu ta matsa ƙirjinta, ta taɓe baki.

"Wannan kuma fa? Ramammiya ce."

"Ramammiya? Ke Thyra, ki ji tsoron Allah. Da ƙyar na hau gada da ita."

"Ƙashi ne ya yi miki nauyi. Amshi burodinki ki ba na baya wuri."

Haka kukun da ta gabaci Thyra ta riƙa gaya wa uwar Sidsel. Uwar kuwa ba irin Sidsel ba ce, mace ce mai sanyi, kuma tana ɗaukar maganar da gaske. Duk shekara sai ta dawo gida da fiffikenta a hannu, ta zauna bakin murhu ta ce, "Baɗi zan ƙara musu hatsi." Ta riƙa rage nata abincin tana ba tsuntsaye, ta riƙa kora su kalar hatsi a gonakin da aka girbe har ƙafafunta suka kumbura. Ta mutu tana neman ranar da za a ce dinyarta ta yi. Wannan abu ya tsaya wa Sidsel a rai, bai taɓa wucewa ba.

Bayan babban yaƙin da aka yi a ƙasashen maƙwabta, majalisa a babban birni Copenhagen ta yi doka cewa tsofaffin gidajen sarauta su saki wani yanki na ƙasarsu, a yayyanka wa marasa gona. Masu awo suka zo da igiyoyinsu da turakunsu, suka ratsa babbar gonar Hesselvang, wadda Iver ya shimfiɗa a kan Orup. Kowa yana rububin wuri mai laushi, Sidsel ta nuna inda garma take yawan karo da dutse, kusa da wani tsohon bakin rijiya da ciyawa mai ƙaiƙayi ta rufe.

"Nan nake so," in ji ta.

Mai awon ya ce, "Baba, nan ai duwatsu ne."

"Na sani. Namu ne."

Ta gina ɗaki da taimakon maƙwabta, ta haƙe rijiyar, ta kwaso Petrea da garkenta. Abin da za ta riƙa ba gwamnati yana nan, amma gwamnati ba ta cin dinya, kuma ba ta da gajeriyar ƙofa. Ranar Lahadin da ta fara kwana a sabon ɗakin, ta tsaya a ƙofar coci ta faɗa da muryar nan tata, har fasto ya waiwayo: ita da ƙofar kicin Hesselvang har abada, wuyanta ya gama sunkuyawa. Kuma bana ranar jajiberin Morten za ta ci dinyarta a kan ƙasarta, duk wanda ya samu yanki tare da ita ya zo ya sa hannu.

Ta zaɓi wata fara sol, ta tsare ta a keji, ta riƙa ɗura mata hatsi da madara har tafiya ta gagare ta. Da safiyar ranar ta yanka, ta fige tas, ta babbake ƙananan gashin, ta fitar da kayan ciki, hannunta yana aiki kafin tunaninta, kamar kowace shekara. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ɗauko tsumman da take naɗe ta da shi don kaiwa. Sai ta tsaya da tsumman a hannu.

Petrea ta dube ta. "Inna, lafiya?"

"Ke, daga nan me ake yi?"

"Wane irin me ake yi? Ai sai a gasa."

"To gasa mu gani."

Petrea ta dubi dinyar, ta dubi murhu. Nan gaskiya ta fito fili ta zauna tsakaninsu a kan tebur. Sidsel ta san dinya tun tana cikin ƙwai. Ta san mai ciwo daga yadda take riƙe wuya, ta san mai shirin tsiya daga ƙwayar idonta. Amma saninta a bakin ƙofar kicin yake ƙarewa, na uwarta ma haka, na kakarta ma haka. A zuriyarsu kaf babu wadda ta taɓa sa dinya a wuta, balle a baki. Abincinsu na wannan rana, tun kaka da kakanni, fate ne da kifi mai gishiri.

"Mu yanka ta mu zuba a tukunya da kabeji," in ji Petrea. "Wa zai sani? Su ma maƙwabtan ba su taɓa ci ba."

"Ni zan sani. Shekara ɗari uku ana jiran wannan tsuntsuwa, sannan in dafa ta kamar tsohuwar kaza?"

"To mu tambayi matar Jeppe na gonar tudu, ai su suna gasawa."

"Don ta kwana tana ba da labari a shagon madara? Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Sidsel ta yi baki a ƙofar coci, ga shi ba ta iya cin abin da ta kiwata ba. A'a."

Ta zauna, ta tashi, ta zaga teburin. Ita dai ta san mutum ɗaya ce ta rage a duniya wadda ta taɓa gasa dinyar gidansu, kuma tana bayan ƙofar da ta rantse ba za ta sake shiga ba. Ga baƙi za su zo da yamma. Ko ta sunkuya, ko ta ji kunya a gaban mutanen da ta tara da bakinta. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ta wanke hannu, ta ɗauko baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura ɗankwalin da aka ɗaura mata aure da shi.

"Inna, kin fa rantse."

"Na san abin da na yi. Hura wuta, ki cika itace."

Ta haye gada hannu rabbana, karon farko a rayuwarta a irin wannan rana, har hannayen suka rasa inda za su zauna. Da ta kai inda hanya ke karkata hagu zuwa kicin, ƙafarta ta karkata da kanta, sai da ta janyo ta. Ta miƙe sak ta tsakiyar fili, ta hau matakalar dutsen da ba a taɓa ganin wani nata a kai ba sai da tsintsiya, ta kama igiyar ƙararrawa ta ja da ƙarfin mai jan guga. Ba ta saki igiyar ba sai da ta ji takun mutum.

Barori sun ragu a gidan tun da ƙasa ta ragu, saboda haka Baron Ditlev da kansa ya buɗe. Tsoho ne siriri, matarsa ta rasu, ɗansa yana Copenhagen ba ya son jin warin taki. Yana sanye da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannayenta.

"Sidsel ce ta Laurits. Kin yi ɓatan ƙofa ne?"

"Ranka ya daɗe, ban yi ba. Wannan na nufa."

"Ban ga dinya ba."

"Tana gida a kan teburina, kuma can za a ci ta. Aro na zo nema."

"Aron me kuma? Ƙasar ai kun riga kun karɓa."

"Aron Thyra. Tun zamanin kakannin kakanninka muke kawo muku dinya, ku kuka san yadda ake gasa ta, mu ba mu sani ba. Ka ba ni ita yau ta nuna mini, in dawo maka da ita kafin dare."

Tsohon ya kama ƙofar har ta zaci zai rufe ta. Ba mutumin banza ba ne, amma dokar nan ta ƙona masa rai, kuma yanzu ga sakamakonta a tsaye a kan matakalarsa, ya fi shi tsawo. Can sai ya ce, "Ni kuma in ci me?"

"Abin da muke ci kowace shekara, ranka ya daɗe. Fate da kifi. Ba ya kisa, ga ni nan."

Wata dariya ta kubce masa, ta rikiɗe ta zama tari. Ya matsa gefe ya ce ta shigo, kicin ta ciki ma ana zuwa.

Ya shige gaba tana binsa ta wani dogon zaure mai sanyi, inda hotunan kakanninsa suke jere a bango. Yana tafe yana kiran sunayensu, don ya saba, ko kare ne ya shigo sai ya gabatar masa da su. Ga Otte da sulkensa, ga Mogens da tumbinsa. Da ya ce, "Wannan kuma Iver," sai ta ja birki. Tun tana yarinya take ganinsa a mafarki, ƙato mai kai har rufin ɗaki. A jikin bangon kuwa wani ɗan firit ne mai siririn wuya da jajayen idanu, kamar wanda mura ba ta taɓa saki ba.

"Wannan ne ya rushe Orup?"

"Shi ne."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Da uwata ta gan shi, da ta ce a ƙara masa hatsi."

Baron bai yi fushi ba. Ya tura ƙofar ciki ta kicin, doguwa mai faɗi, Sidsel ta shiga kanta a miƙe. Thyra tana tsaye a kan wata dinyar kasuwa mai launin toka, tana kallonta kamar an kawo mata gawar baƙo. Da ta ɗago ta ga ta inda Sidsel ta fito, cokali ya faɗi daga hannunta.

"Ke! Ta ina kika shigo?"

"Ta inda mutane ke shigowa. Ɗauko kaskonki, an ba ni aron ki."

"Aro? Ni garma ce?"

"Garma ai tana da amfani kullum. Ke yau kaɗai nake so."

Thyra ta dubi Baron, ya ɗaga mata kai. Ta yi ta gunaguni tana haɗa kaya: babban kaskon ƙarfe, da tuffa masu tsami, da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi, da allura da zare, da jan kabeji. Suka fito tare ta ƙofar gaba, Thyra tana taka matakalar a hankali, domin ita ma duk shekarunta a gidan ba ta taɓa sauka ta nan ba.

A ɗakin Sidsel, Thyra ta tsaya a kan farar dinyar. Yatsunta biyu suka tafi ƙirjin da kansu, ta matsa, bakinta ya fara taɓewa.

"Ki faɗa," in ji Sidsel. "Ki faɗa a cikin ɗakina mu gani."

Thyra ta haɗiye maganar ta ce a kawo gishiri. Ta ƙi taɓa komai da hannunta bayan wannan, ta ce aro aka ce na koyarwa, ba na bauta ba. Sidsel ce ta goga gishirin ciki da waje, ta cusa tuffa da 'ya'yan itacen, ta ɗinke cikin, ta tsattsaga fatar da tsinin allura don kitse ya samu hanya. Thyra tana zaune a kujera tana ba da umarni kamar matar Baron.

"Rage wutar, ba bulo kike gasawa ba. Kwashe man nan kafin ya kama miki ɗaki. Petrea, ki kalla da kyau, uwarki ta tsufa, kanta ba ya riƙe abu."

"Kaina ya riƙe cewa sau biyu aka kore ki daga aji."

"Zuba mata ruwan jikinta, ki daina surutu."

Ƙanshin ya fita ta taga ya bi sababbin gonaki, maƙwabta suka fara zuwa tun kafin lokaci, kowa da kujerarsa da cokalinsa. Da yamma ta yi aka sauke. Ta yi ja, fatar tana ƙara in an taɓa. Ɗakin ya cika, kowa ya zuba mata ido, domin duk wanda ke wurin ya taɓa rungumar irin wannan ya haye gada da ita, ya dawo da fiffike. Sidsel ta yanke cinya guda ta rufe a kwano ta ajiye gefen Thyra.

"Wannan ki kai wa tsohon. Ki ce masa daga gonar Sidsel ne, kyauta ce, kuma baɗi ba lallai ba ne."

Sannan ta yanki ƙirji, daidai inda yatsun kuku suke matsawa, ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Mai ya gangaro mata a haɓa ba ta goge ba.

"To, ya kika ji?" in ji Thyra.

"Yanzu na gane abin da ya sa suka riƙe ƙasar nan da hannu biyu."

Aka tuntsire da dariya, cokula suka fara aiki. Sidsel dai ba ta yi dariyar ba. Ta sake yanka ta duba kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fatar, ta juyo ta kalli Thyra.

"Wannan ce ramammiyar?"

Thyra ta sunkuyar da kai kan kwanonta. "Haka na tarar ana faɗa wa kowa, haka aka koya mini. An ce in ka yabi ta bana, ta baɗi sai ta rame." Sannan ta ƙara da cewa, "Sauran dinyoyin barori ke ci, ko a sa musu gishiri a ajiye. Ta gidanku ita ake kai wa teburin Baron. Tun ina 'yar wanke-wanke nake ganin haka, tun ta uwarki."

Sidsel ta ajiye wuƙar. Daɗi da baƙin ciki suka taru mata, hawaye suka zubo a gaban kowa, ita da ko a jana'izar mijinta ba a ga nata ba. Ba ta ɓoye fuska ba. Ta tuna mace mai kumburarrun ƙafafu a bakin murhu, da fiffike a cinya, tana lissafin hatsin baɗi.

Ta share ido da bayan hannu, ta yanko ƙirjin da ya rage gaba ɗaya, ta ɗora a kwanon Petrea.

"Inna, ya yi mini yawa."

"Ci," in ji Sidsel. "Ki ci naki, sannan ki ci na kakarki."